Muryar da Ba Ta Iso Ba

Da ba don ƙungiyar malaman waƙa ta Namwon ta kafa doka ba, ko da igiya aka ja Malama Pyo Geum-rye ba za ta zo wannan bita ba. Wai duk mai koyarwa ta intanet sai ya zauna an koya masa yadda ake koyarwa. Ita da ta riƙe mafici tana rera waƙar gargajiya ta pansori tun mai ba da bitar tana goye! Ta shigo zauren tana cin magani, ta nemi kujerar baya kusa da Ma Deok-su, tsohon makaɗinta.

"Yaya, kin zo makaranta?" in ji shi. "Ina jakar littattafan? In ara miki fensir?"

"Rufe mini baki, tsohon banza. Kai da ko wayarka sai jikarka ta kunna maka."

Ya yi dariya ya miƙa mata shayin sha'ir. Ta karɓa, amma hankalinta ba a nan yake ba. Yana can tsibirin Ulleung wajen Seol Da-on, ɗaliba guda da ta rage mata mai yin waƙar da gaske. Yarinyar tana taya iyayenta aiki a gidan abincinsu, da rana ta hau sama ta kunna kwamfuta su yi darasi. Ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, tafiyar jirgin ruwa tana da nisa, aikin gida kuma ba ya barinta. Kunne gare ta, kai gare ta, ga ladabi. Abu ɗaya ne ya hana Malama barci a kanta, murya. Da ta kai inda waƙa ke neman a tsaga ƙirji, sai muryar ta shaƙe ta zama siririya kamar kukan sauro. Ga gasar kaka tana matsowa.

Don haka Malama ta yi mata yadda aka yi mata. "Ƙara! Daga ciki! Wa kike jin kunya?" Ta tura ta bakin teku ta riƙa rera wa igiyar ruwa. Da yarinyar ta ce maƙogwaronta na zafi, Malama ta ce madalla, ai sai murya ta fashe take dawowa da ƙarfinta, a sha ruwan fiya da zuma a ci gaba. Kwanan nan ma ta daina shigowa darasi, sai gajeren saƙo cewa ba ta jin daɗi. Malama ta ɗauka hanya ce ta fara buɗewa.

Mai ba da bitar, Malama Bang Hye-rin, malamar fiyano ce, mace mai sanyin magana. Ta yi bayanin inda ake ajiye fitila, da yadda kiɗa ke isa a makare, da amfanin sa ɗalibi ya naɗi muryarsa ya turo. Nan Malama Pyo ta yi tsaki har aka waiwayo. Ita ta hana ɗalibanta naɗar komai. Waƙa daga baki take zuwa kunne, haka malaminta ya ba ta.

"Yanzu ina son mai babbar murya," in ji Malama Bang. "Ya shiga ɗakin can na ƙarshe ya rera mana ta kwamfuta."

Aka tura Deok-su, don kowa ya san kafin ya koma ganga mawaƙi ne, in ya buɗe baki tagogi na amsawa. Ya tafi yana gyara wuyan riga, fuskarsa ta fito a allo, ya ja numfashi ya ɗauko baitin kuka.

Farkon ya fito daidai. Da ya hau sama, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, fuska ta yi jawur, sai muryar ta tsuke ta koma 'yar siririya, tana yankewa. Zauren ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Tsufa ya zo wa Baba Ma!"

Malama Pyo ba ta yi dariya ba. Ta san muryar Deok-su fiye da tata, kuma wannan da take ji ba tasa ba ce. Ta Da-on ce, sak.

"Kun ji ko?" Malama Bang ta ce. "Manhajar don hira aka yi ta. In ta ji sauti mai ƙarfi da kaushi ya daɗe, sai ta ɗauka hayaniya ce, ta danne shi. Kuma a gefen mai rerawa ake kashe abin, ba a gefenku ba." Ta je ta taɓa wani abu a kwamfutar Deok-su, ya sake ɗauko baitin. Wannan karon lasifika har rawa take. Wata tsohuwa ta yi ihun jinjina, "Eolssu!" kamar a dandali.

"Malama Bang," muryar Malama Pyo ta fito a bushe, "in ɗalibi ya ƙara ƙarfi fa?"

"Sai ta ƙara dannewa, Malama. Iya ƙarfinsa, iya dannewarta."

Malama Pyo ta miƙe ba sallama. A baranda Deok-su ya tare ta yana washe baki, zai yi tsokana, da ya ga fuskarta ya haɗiye.

"Yaya, lafiya?"

"Na kashe yarinyar mutane, Deok-su."

Ta zauna a kan matakala ta kira Da-on ta waya. Wayar ta daɗe tana ringi kafin a ɗauka. Abin da ya fito ba murya ba ce, iska ce kawai mai ɗauke da kalmomi.

"Malama, ina wuni."

"Kina ina?"

"Pohang. Asibiti." Ta tsaya ta haɗiyi yawu, Malama tana jin yadda haɗiyar ke mata ciwo. "Likita ya ce jini ya taru, wani abu ya tsiro a maƙogwaro. Za su yanke. Magana za ta dawo. Waƙa kuma, ya ce bai yi alkawari ba."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kunya, Malama. Kin yi ta fama da ni, na kasa ba ki abin da kike so. Na yi iya yina, wallahi. Har maƙwabta sun kai ƙara wajen Baba, wai ina firgita musu yara. Amma ke kin ce bai kai ba, na san kuwa ke kika sani. Ki yafe mini."

Malama Pyo ta so ƙasa ta tsage ta shige. Maƙwabta sun ji, ita ce kawai ba ta ji ba. Abu ne mai sauƙi ta ce Allah ya ba da lafiya ta kashe waya, yarinyar ba za ta taɓa sani ba. Deok-su yana tsaye ya sunkuyar da kai. Ta share hanci da bayan hannu, ta faɗa mata komai, tun daga ɗakin ƙarshe har abin da ake kashewa a gefen mai rerawa. Ba ta ɗora wa kwamfuta ba. Ta ce kunnenta ne ya ji ƙarya, bakinta kuma ya yi umarni.

Da ta gama, ta duba wayar ko layin ya yanke.

"To Malama," iskar ta sake fitowa a hankali, "ke nan da can ta kai? Muryar tawa, tana da kyau?"

Malama ta buɗe baki. Ta yaba wa ɗalibai da yawa a rayuwarta, wasu ma don kawai su ji daɗi. Wannan kam ta kasa.

"Ban sani ba, 'yata," ta ce tana kuka. "Ban taɓa jin ta ba."