Kwakwa ta Biyar Daga Rijiya

Kowace shekara, kashegarin Babbar Sallah, ɗana Pandu yakan kwashe mu daga garin Wete a tsohuwar motarsa zuwa bakin teku, ƙauyen da aka binne mijina Makame. Yara wanka ke kai su, ni kuwa shi nake je wa. In share kabarin, in yayyafa masa ruwan wardi, in ba shi labarin shekara. Masuntanmu ba sa rubuta suna a kabari, da kwakwa muke ganewa. Ka tsaya a bakin rijiya, ka bi layin bishiyoyin ta hannun dama, yana gindin ta biyar. Gefensa akwai fili daidai tsawona, kowa kuma ya san mai shi.

Shekara uku gwiwa ta hana ni zuwa. Bana na ce ko da jan gindi ne sai na je.

Mota ba ta gama tsayawa ba jikokina, Mboja da ƙanwarta Time, suka dire. Bibi suke ce mini, Makame kuma Babu, haka ake kiran kakanni a wajenmu.

Mboja ta ce, "Bibi, zo mu yi tsere! Wanda ya zo ƙarshe ba shi ba shinkafar pilau."

Na ce, "Ke tafi can, mai ƙafa kamar muciya. Ni na yi tserena tun ba a haifi ubanki ba."

Na duba, ban ga rijiya ba. Na ce, "Pandu, ina rijiya?"

Ya ce, "An cike ta, Mama. Ga gurbinta nan." Ya nuna mini wani ɗan kwari, idonsa na kan buhun tabarmi.

Na ƙirga biyar, na durƙusa da ƙyar, na hau shara. Bishiyar ta yi mini ƙanƙanta, amma na ce ai idon tsufa ne. Har na fara ba Makame labarin haƙorin Time da ya faɗi, sai ga ihu daga can inda ruwa ya janye.

"Bibi! Baba! Ku zo ku ga rijiya a cikin teku! Wallahi har da ƙaguwa a ciki!"

Na miƙe ba tare da kowa ya kama ni ba. Tana nan kuwa, da tsagin da guga ya yi wa bakinta, ruwa har gwiwar yaran. Daga damanta kututturan kwakwa baƙaƙe a jere. Na ƙirga su da yatsa. Time na tsaye a kan na biyar, tana tsalle tana faɗawa ruwa, ta hau ta sake.

Na ce wa Pandu, "Tun yaushe ka sani?"

Pandu ya ce, "Tun bara waccan. Na rasa bakin da zan faɗa miki."

"To wa na share wa kabari?"

"Ba kowa, Mama. Yashi ne." Sannan ya ce, "Akwai wuri a maƙabartar Wete, kusa da masallaci. Kan tudu ne."

Me zan yi da tudu?

Mboja ta zo a guje, jiƙe sharkaf, ta fizge kwalbar wardin daga hannuna. "Ina za a zuba wa Babu? Yau ni zan zuba."

Na nuna mata kututturen. Ta tsiyaye shi tas, ta sunkuya ta shinshina ruwan, ta kwashe da dariya.

"Bibi, teku ta shanye, ko ƙamshi ba ta rage masa ba!"

Muka shimfiɗa tabarma aka ci pilau, yara har da ƙari. Kafin la'asar ruwa ya dawo ya rufe kututturan, ya rufe rijiyar, ya taho yana lasar wurin da na share.

A mota Time ta kwanta a cinyata, gashinta duk gishiri. Ta ce, "Bibi, baɗi ma a kawo mu nan. Ya fi ko'ina daɗi."

Na ce, "Ubanki zai kawo ku."

Sai da muka hau kwalta na tuna tsintsiyata tana can gindin bishiyar. Pandu ya ce ko ya juya. Na ce ya bar ta.