Agogon Dodon Rijiya

Rawya ta yi ƙarya, kuma ga wanda ta yi wa ƙaryar nan zaune a layin gaba, cikin kwat mai ruwan toka, da sanda tsakanin gwiwoyinsa.

Ustaz Wagdi ke nan, wanda ya shirya fim ɗin Baƙon Rijiya shekara talatin da bakwai da suka wuce, a bayan gidan surukinsa a Iskandariyya ta ƙasar Masar, da kyamarar aro. Fim ɗin ko mako bai yi a silima ba aka sauke shi. Jinin da ke cikin fim ɗin zoɓo ne da aka dama da sitaci, dodon kuwa tsohon bargo ne da aka shafe da kwalta. Amma 'yan ƙungiyar su Rawya, masu haɗuwa bayan la'asar a ɗakin ƙasa na wani kantin littattafai, ba su da abin so kamarsa. Duk Juma'ar farkon wata shi suke kallo.

Ran da ta je gayyatarsa, tsohon ya tambaye ta, "Har yanzu yana ba mutane tsoro, 'yata?" Ta ce, "Sosai ma, Ustaz." Bakinta ne ya riga hankalinta.

Gaskiyar ita ce, a minti na arba'in dodon kan miƙo hannu daga rijiya, a wuyan hannun kuma ga ɗan agogon mata yana ƙyalli. Nan kowa kan ɗaga kofin zoɓonsa, a haɗa baki a yi ihu, "Ƙarfe nawa?" Sai dariya, har da masu faɗowa daga kujera. Ƙauna ce zalla, amma je ka fahimtar da ɗan shekara tamanin cewa ba da shi ake ba.

Shi ya sa yau ta tsare bakin ƙofa, tana gargaɗin kowa. Na ƙarshen shigowa Bahgat ne, likitan haƙori mai ƙaton tumbi, wanda shi ya ƙirƙiro ihun tun farko.

"Bahgat, yau babu ƙarfe nawa. Ka ji ni ko?"

Ya dafe ƙirji. "Haba Rawya! Ai kamar ki ce a ci wake ba burodi ne."

"Wallahi ka buɗe bakin nan, yau ni ce likitar haƙoranka."

Aka kashe fitila, ta kunna majigi. Mutum sittin suka yi tsit kamar masu zaman makoki. Da zoɓo ya feso daga wuyan wani mai gadi a fim ɗin, wani ya shaƙe dariya ya mai da ita tari. Rawya ba fim take kallo ba, ƙeyar tsohon take kallo. Tsoro take ji, wanda fim ɗin bai taɓa ba ta ba.

Minti na arba'in ya zo. Hannu ya fito, agogo ya yi ƙyalli. Bahgat ya cusa hankici a baki. Ba wanda ya ce uffan.

Har ta fara sauke ajiyar zuciya sai sandar Ustaz Wagdi ta bugi ƙasa.

"Tsayar da shi!"

Rawya ta tsayar. Hannun ya daskare a jikin bango. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya juyo yana bin fuskoki da kallo.

"Ba wanda ya ga agogon? Dukanku makafi ne?"



"Ustaz," in ji Rawya, "ai ba ya fitowa sosai..."

"'Yata, ba ki iya ƙarya ba. Tun a gidana na gwada ki. Ko a wancan lokacin ba wanda fim ɗin nan ya tsorata." Ya nuna bango da sanda. "Karima ce a cikin bargon nan, matata. Wanda muka ɗauka ya yi dodon gudu ya yi da ya ji warin kwalta. Na ce ta cire agogon, ta ce ba za ta cire ba, ƙarfe biyu za ta ɗauko yara daga makaranta, ni kuwa in na kama aiki ban san lokaci ba." "Bara ta rasu. Jikata ce ta gaya mini akwai wani ɗaki a garin nan da har yanzu ake mata magana. Abin da ya fito da ni ke nan, sai na tarar da kurame."

Kunya ta rufe Rawya. Ta mai da fim ɗin baya kaɗan ta sake shi.

Hannu ya fito. Bahgat ya zare hankicin daga baki, kofi sittin suka tashi sama.

"Ƙarfe nawa?"

Ɗakin ya amsa, amma ba wanda ya yi dariya. Ustaz Wagdi ya gyara tabarau, ya matsa kusa da bango.

"Biyu saura kwata," ya ce. "Jeki, Karima, yara na jira."