Gidan da Taomati ya gina a hanyar ruwa

A shekara ta uku ta farin da ya ƙone tsibirin Beru, lokacin da rijiyoyi suka koma zartsi, kwakwa kuma ta daina 'ya'ya, Taomati ya bar matarsa Tekarei a gidan iyayenta, ya shiga jirgin da ke kai masu neman sabon mazauni tsibiran Solomon. Kwana goma sha ɗaya suka yi a teku. Da safiyar ranar ƙarshe ya hangi wani abu baƙi ƙirin ya tokare sama, ya ɗauka hadari ne, har ya fara murna. Wani ma'aikacin jirgin ya ce masa ai ƙasa ce. Shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa ganin ƙasar da ta fi bishiyar kwakwa tsawo ba, domin a Beru mutum kan tsaya a tsakiyar gari ya ga teku ta gabansa, ya waiwaya ya ga teku ta bayansa.

A ofishin bakin gaɓa akawu ya tara su ya karanta musu ƙa'ida. Jirgin zai zagaya wasu tsibirai, bayan mako takwas ya juya ya ɗebo iyalai, daga nan kuma ba zai sake komawa can ba sai baɗi. Ba za a rubuta sunan matar kowa ba sai akawu ya ga abu biyu da idonsa: aikin yi, da gida mai rufi. Taomati ya tuna yadda ya bar Tekarei tana tace ruwan rijiya da ƙyalle, ya san ba za ta iya wata shekarar a can ba.

Aiki bai yi masa wuyar samu ba, ko da yake da kunya ya fara. Akwai wani kafinta mai suna Boas, ƙaton mutum mai yawan dariya, wanda ke gina babban siton busasshiyar kwakwa kusa da inda jirage ke tsayawa. Da ɗan Turancin bakin teku da Taomati ya tsinta a jirgi ya roƙe shi aiki. Boas ya miƙa masa guduma da ƙusa uku. Ya lanƙwasa biyu, ta ukun ta yi tsalle ta ɓace a ciyawa, ma'aikata suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Yana shirin tafiya sai ya lura dakalin itacen da suke hawa su kai ga rufi yana rawa duk lokacin da wani ya taka shi. Ya kwance igiyar zaren kwakwa da ke ɗaure a ƙugunsa, ya hau babu takalmi, ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya yana naɗewa yana ƙullewa kamar yadda mahaifinsa ya koya masa. Da ya sauko Boas ya kama dakalin da hannu biyu ya jijjiga da dukan ƙarfinsa, bai motsa ba.

"Gobe ka zo da sassafe," in ji Boas. "Amma ka yi wa Allah kada ka sake taɓa min guduma."

Da ma'aikatan suka ji yadda ƙasar su Taomati take a shimfiɗe sai suka laƙaba masa Ɗan Tabarma. Ba su bar shi haka ba. Suka ce masa dutsen da ke bayan gari yana fushi da baƙon da bai gaishe shi ba, yakan kuma matso ya danne shi. Mako guda cur Taomati yana cire hula kowace safiya yana gaida dutse, suna ɓoye fuska a bayan katako, kafin wata mai sayar da dafaffen rogo ta ji tausayinsa ta faɗa masa gaskiya. Bai yi fushi ba, ya yi dariya tare da su, amma daga ranar ya ƙudura cewa duk abin da suka faɗa masa game da dutsen nan wasa ne.

Saura gida. Ƙasar wannan yanki a hannun gwaggon Boas take, wata tsohuwa mai suna Dokasi, domin a wurinsu ta wajen uwa ake gadon ƙasa. Ta ja shi suka hau tudu, ita tana gaba da sandarta, shi yana baya yana haki, ta nuna masa fili mai kyau a ƙarƙashin manyan itatuwa. Taomati ya duba. Ƙasa ja ce mai danƙo, ganye ya rufe sama, ba a jin ƙarar teku sai kukan tsuntsayen da bai san sunansu ba. Ya ji kamar an kulle shi a ɗaki. Ya yi godiya da ladabi, ya ce zai yi tunani.

A hanyarsu ta saukowa ya ga wurin. Inda wani kwari ya buɗe bakinsa ga teku akwai fili shimfiɗaɗɗe, fari fat da tsakuwa da yashi, babu ciyawa, iska tana kaɗawa, ga kwakwa uku sun karkata. Ya cire ransa daga tudu nan take, ya ce wa tsohuwar nan yake so. Tsakuwar ta yi ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa daidai irin ƙarar tsakar gidan mahaifiyarsa, inda mata kan zauna da yamma suna murza igiya a cinya suna waƙa.

"Ɗana, nan hanyar ruwa ce," in ji Dokasi.

Ya ce mata ya ji, zai kuma kiyaye. Kuma lallai ya kiyaye, iyakar saninsa. A wurin mutumin Beru ruwan da ke cin gida ɗaya ne, shi ne teku. Ya jira har wata ya cika, teku ta yi babbar cikarta, ya kafa turke a inda kumfa ya tsaya, ya ƙirga taki ashirin daga nan, sannan ya ja layin gidansa. Da Boas ya zo ya ga turken sai dariya ta kama shi har ya dafa gwiwa.

"Ɗan Tabarma, ba ta gabanka zai zo ba. Ta ƙeyarka zai zo, daga kan dutse."

"Na gaida dutsenku mako guda, ya ishe ni," in ji Taomati. "Ruwa a kan dutse, me zai riƙe shi a can? Ka nemo wani baƙon, maigida."

Boas ya rantse, ma'aikata suka taya shi, amma da yake suna rantsuwar suna dariya, maganar ba ta shiga ba. Shi ma Boas bai matsa ba. Ba lokacin manyan ruwa ba ne, kwarin kuma ya kwana biyu bai kawo ruwa ba. Ya ce a ransa bari akawu ya gani ya rubuta suna tukuna, daga baya a lallashi mutumin ya tashi.

Mako biyar Taomati yana gini bayan an tashi daga aiki da kuma ranakun Asabar. Boas ya ba shi ragowar katako, matan cocin Dokasi suka ɗinka masa ganyen rufi, wani irin ganye mai faɗi da ba shi aka saba da shi a gida ba. Ƙusa ko ɗaya bai sa ba. Kowace mahaɗa da igiya ya ɗaure ta, kowane ƙulli da sunansa, yana yi yana kiran sunayen a hankali da harshensu, domin tun da ya sauka daga jirgi bakinsa bai sami abokin hira da shi ba sai jefi-jefi. Ya ɗaga daɓen katako kamu uku daga ƙasa yadda iska za ta bi ta ƙarƙashi, ya juya fuskar gidan ga teku. Ranar da ya gama jinka ya zauna a ciki ya miƙe ƙafa, ya ga inda Tekarei za ta rataye tabarmi, da inda za ta kafa murhu.

Akawu ya sa ranar Litinin zai zo dubawa, jirgi kuma Talata zai tashi. Ranar Alhamis da azahar suna kan rufin sito suna jera kwano, rana tana dukan bayansu, ko ɗigo bai sauka a gari ba. Sai Boas ya ajiye guduma ya kasa kunne. Kan dutsen ya yi baƙi tun safe, yanzu kuma wani ruri yana tasowa daga cikin daji kamar ana mirgina ganguna. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce wa Taomati ya sauko, suka ruga.

Daga kan wata gaɓa suka tsaya. Farin filin nan babu shi. Ruwa ja mai kauri yana gudu a kan ƙasa, ɗauke da kututture da rassa da wani mataccen alade, yana faɗawa teku yana rina ta. Gidan ya ɗan tsaya, dirkokin baya suka sunkuya, daɓen ya tarwatse, jinkar ta zauna a kan ruwa ta juya sau biyu, ta bi bayan kututturen.

Taomati ya bar kan gaɓar. Ya gangara gefen da ruwan ya ɗan lafa, ya durƙusa, ya ɗiba da tafin hannu ya kai baki. Babu gishiri ko kaɗan. Ya sake ɗiba. Boas ya dafa kafaɗarsa yana ba shi haƙuri a kan gidan, sai ya ga mutumin yana hawaye yana kallon inda jan ruwan ke shiga teku.

"Duk wannan na sha ne?" Taomati ya tambaya.

"Na sha ne, in ya kwanta."

"Kuma haka yake tafiya, ba mai tarewa?"

Taomati ya ce abin da ya wuce ta gabansu tun tsayuwarsu zai shayar da Beru shekara guda, da mutane da aladu da ramukan gwaza. Sai bayan ya faɗi haka ya tuna Litinin, ya zauna a kan laka ya riƙe kai.

Da safiyar Juma'a masunta suka kawo labari cewa sun ga jinkar a maƙale cikin itatuwan fadamar bakin teku. Da aka je aka tarar ganye ya zube ta gefe ɗaya, amma ƙashin rufin yana nan yadda aka ɗaure shi, domin igiya takan ba da kai ta dawo inda ƙusa za ta tsage itace. Taomati ya je wurin Dokasi ya tsaya a bakin ƙofarta, kansa a ƙasa, ya ce ya zo ne a kan filin tudu, in ba a ba wani ba. Tsohuwar ta ce filin bai je ko'ina ba, shi ne ya tafi yawo.

Asabar Boas ya rufe aikin sito, ya tara ma'aikatansa da mazan coci, mutum ashirin da wani abu. Taomati ya nuna musu yadda ake ɗaukar jinka a Beru: a zura dogayen sanduna ta ƙarƙashi, kowa ya sa kafaɗa, mutum ɗaya ya ba da waƙa a ɗaga tare. Haka aka yi, aka fito da ita daga fadama lafiya. Amma da aka fara hawan tudu sai nauyin duka ya koma kan na baya, suka fara ihu suna zagin na gaba. Wannan kuma Taomati bai san da shi ba, tun da bai taɓa ɗaukar kaya a ƙasar da ta karkata ba. Boas ya sa aka sauke, ya mayar da dogaye baya, gajeru gaba, shi kansa ya shiga tsakiyar na baya yana cewa Ɗan Tabarma ya ci gaba da waƙarsa, ita kaɗai ce ba ta da nauyi. Sau shida suna hutawa. Kafin rana ta faɗi jinkar tana zaune a kan sababbin dirkoki shida da aka kafa cikin jar ƙasa, an cike ganyen da ya zube. Daɓe babu, bango babu. Lahadi kuwa ba mai ɗaga ko sanda a garin.

Litinin akawu ya iso yana share gumi, takalmansa sun yi jajir. Ya zagaya dirkokin, ya leƙa sama, ya buɗe littafinsa ya rufe. A ƙarƙashin jinkar ya tarar da Dokasi zaune a kan tabarma, ta kafa duwatsu uku, tukunyar dankali da madarar kwakwa tana tafasa.

"Iya, wannan gida ne ko rumfa?"

"Takardarka me ta ce?"

"Gida mai rufi."

"To ɗaga kanka. In ka ga sama, ka tafi. In ba ka gani ba, zauna ka ci abinci, ba a tsayuwa a gidan mutane."

Akawu ya sake ɗaga kai, ya dubi Taomati da ke tsaye a gefe hannuwansa duk sun tsattsage, ya dubi Boas wanda ya ce mutumin ma'aikacinsa ne har sai ranar da ya gaji. Ya zauna a bakin tabarma, ya ɗora littafin a gwiwa, ya tambayi yadda ake rubuta sunan matar. Taomati ya faɗa masa gaɓa-gaɓa, sau biyu.

Bayan mako biyar jirgi ya dawo da Tekarei, ta rame, tana rungume da naɗin tabarmi da ita ta saƙa. A lokacin an yi daɓe, an yi bango uku. Sau huɗu tana zama a hanya kafin su kai tudu, ba ta yi ƙorafi ba. Ta shiga ta shafa ƙulle-ƙullen da hannu, ta kwance tabarma, sannan ta tsaya da ita a hannu tana dube-dube, ta tambaye shi ina ne gabas, domin a gida ba wanda ke kwanciya sai kansa yana wajen fitowar rana. Sai Taomati ya gane bai sani ba. Wata uku yana kwana a ƙasar nan bai taɓa tambaya ba. Ya fita ya tsaya ya yi nazari, ya tuna ta inda haske ke fara ratso itatuwa da hantsi, ya nuna mata wajen dutse. Tekarei ta daɗe tana kallon wannan baƙin daji da ya tsaya a inda ta saba ganin teku. Sannan ta durƙusa ta shimfiɗa tabarmar, kan yana wajen dutsen, ta ce ya miƙo mata ta biyun.