Kabarin Harri Ifan

Nain ce ta fara ganin sanarwar a jikin ƙofar coci. Nain kakata ce, wadda ta haifi mahaifiyata. Duk Lahadin Furanni, Lahadin da ke gaban Ista, sai ta hau tudu da bokiti da buroshi da damin furanni ta wanke wani kabari a bayan cocin. Babanta ne ya fara kai ta tun tana ƙarama, ita kuma ta riƙa jan hannuna tun ban iya ɗaure takalmi ba.

Sanarwar ta ce an sayar da cocin, za a mai da shi ɗakunan kwana na baƙi masu zuwa shan iskar teku. Maƙabarta kuwa za ta zama wurin ajiye motoci. Za a tone ƙasusuwa a kai wani wuri, a jera duwatsun kaburburan a jikin katanga, sai dai in wani ɗan'uwan mamaci ya fito ya ce bai yarda ba kafin wa'adi ya cika.

A ɗakin girkinta na ce, "Nain, wai shi Harri Ifan ɗin nan, mene ne shi a wurinmu?"

"Namu ne."

"Ta ina?"

"Ta inda babana ya ce namu ne. Ke komai sai kin ce ta ina, kamar 'yar sanda."

Ta juya ta ci gaba da goge kwanon da ya riga ya bushe. Na ɗauki rigar ruwana na fita.

Na sami Mista Bowen, shugaban dattawan cocin, a ƙofar gidansa yana shafa wa kwalekwalensa fenti. Tun ina yarinya ake shafa wa kwalekwalen nan fenti, ban taɓa ganinsa a kan ruwa ba.

"Nest 'yata! Yaya makaranta? Yara suna jin tarihin dai ko?"

"Sun fi manya ji. Mista Bowen, kabarin Harri Ifan na kakata ne."

Ya yi murmushin nan da yake yi mana a darasin Lahadi idan mun ba da amsar wauta. "Kakarki 'yar gidan Parry ce, ai na san babanta. Wannan bawan Allah kuwa Ifan ne, wato Evans da Turanci. Kada ki ɗauka wasa muka yi. Babu wani Evans a garin nan namu na Abermelyn da ba mu rubuta masa ba. Har Evans mai soya kifi da dankali."

"Wanda babansa baƙo ne daga Liverpool?"

"Evans dai Evans ne. Kuma babu wanda ya ce nasa ne."

"To wadda take wanke kabarin kowace shekara fa? Kun tambaye ta?"

"Kirki ne irin nata. Amma lauya ba ya karɓar kirki, 'yata, dangantaka yake karɓa." Ya tsoma buroshinsa a gwangwani. "Ki gaishe min da ita."

Na sauko ta bakin teku ina magana ni kaɗai, har wata mata mai kare ta kauce min. Ba mugunta ce ta ƙona min rai ba. Mista Bowen ba mugu ba ne. Mutum ne da aka haifa a garin nan, ya yi addu'a da harshen garin nan, ba da Turanci ba, tun yana goye, amma ya tsaya gaban dutsen kakanninsa ya karanta shi kamar baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa jiya. Ni ma da nake koyar da tarihi ban taɓa bin sawun kabarin ba, na yarda. Amma ni ban sa hannu a tone kowa ba.

Ranar da ba ni da aji na hau bas zuwa babban garin gundumarmu, inda ake adana tsofaffin littattafan coci da na ƙidaya. Na fara daga baban Nain na riƙa komawa baya. Parry ya haifi Parry, Parry ya haifi Parry, hanya a miƙe, har na iso kan wani Owen Parry, matuƙin jirgin ruwa mai dakon dutsen rufin gidaje, mazaunin Gidan Gishiri a bakin tashar jiragen ruwa. Daga shi sai hanya ta yanke. Babu wani Parry a gabansa, kamar daga teku ya fito.

Na bar neman sunan na koma neman gidan, tunda mu har yau da gida muke kiran mutum. A littafin aure na ga ango daga Gidan Gishiri, ya sa hannu da kansa da rubutu mai karkace: Owen ap Harri. Owen ɗan Harri. Na faɗi sunan a hankali, na sake faɗa da sauri, sai na ji Parry yana fitowa daga bakina. Malamin ƙidaya da ke rubutu da Turanci ya ji "ap Harri", ya rubuta abin da kunnensa ya ba shi, zuri'a ta ɗauka ta tafi da shi. Na buɗe littafin baftisma. Ga shi nan: Owen, ɗan Harri Ifan da matarsa Marged, Gidan Gishiri.

Ifan ba sunan gida ba ne. Sunan baban Harri ne kawai. A zamaninsu kowane yaro sunan ubansa yake ɗauka, jika kuma ya ɗauki na nasa uban. Harri bai bar Evans ko ɗaya a duniya ba. Parry ya bari. Dattawanmu sun zauna sun lashe ambulan sun aika wa mutanen da ba su haɗa komai da shi ba, alhali jikanyarsa tana durƙushe a bayan tagarsu da buroshi.

An yi taron ƙarshe kan maganar sayarwar a ƙaramin ɗakin bayan coci. Akwai shayi, akwai burodin zabibi an shafa masa man shanu, don mu ko gari ake sayarwa sai an yanka burodin zabibi. Nain ta zauna a gaba da jakarta a kan cinya. Na ajiye kwafin shafukan a gaban Mista Bowen, na bi da shi daga Harri zuwa Owen zuwa Nain.

Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. "To fa. Ai kuwa haka ne. Abin sha'awa."

"Abin sha'awa? Saura kaɗan ku tone kakanta ku ce abin sha'awa?"

"A hankali, 'yata."

"A hankali kuka yi har muka iso nan. Mista Bowen, kai kanka ka taɓa tambaya wane Owen ne ya bar maka Bowen? Ab Owen ne fa, ɗan Owen. Misis Pugh, ap Huw. Mista Price, ap Rhys. Akwai kabarin Huw a bayan tagar nan, akwai na Rhys, na gani da idona. Kowane dutse kun nemi mai shi a gidan da ba nasa ba. Ku ba ni sunayenku, zan koma in bi wa kowa nasa, kyauta, kafin wa'adi ya cika. Hannu kawai za ku sa."



Misis Pugh ta ce, "Ni Pugh ɗin na mijina ne, Allah ya ji ƙansa. Kuma gwiwata ba ta hawa tudu."

Mista Price ya ce, "Matattu ba sa jin ƙarar mota, yarinya. Rhys ɗin nan in ya damu ya zo ya same ni." Aka yi dariya.

"Ka yi dariya da kyau, Mista Price. Kai ma layi kake bi."

Nain ta ce, "Nest!"

Mista Bowen ya tattara takardun ya daidaita gefensu. "Bari in gaya miki gaskiya. Rufin nan yana yoyo. Mu da muka rage duk tsofaffi ne. Ke da kike ɗaga murya, yaushe rabonki da zama a bencin nan ranar Lahadi?"

"Na daɗe. Ban ce kada ku sayar da gini ba. Cewa na yi kada ku sayar da mutane ku ce ba su da kowa."

"In kowa ya ƙi, mai saye zai janye, ginin ya rushe a kanmu. Na kakarki dai doka ta ba ta. Za a bar shi inda yake." Ya tura faranti gabana. "Ci burodi."

Ban ci ba. Na ajiye farar takarda da alƙalami a bakin ƙofa don mai son a bi masa. Da aka watse na ɗauki takardata fara fat, sai da'irar gindin kofi da wani ya ɗora a kai.

Washegari Nain ta sa hannu a takardar cewa ba ta yarda a tone Harri ba. Kafin bazara motar tono ta gama aikinta.

Lahadin Furanni ta bana mun hau tudu, ni da bokiti, ita da furanni. An shimfiɗa kwalta, an ja fararen layuka. Duwatsun suna jingine a katanga kamar masu jiran bas. A tsakiyar fili, cikin wani ɗan shingen ƙarfe, Harri Ifan yana nan shi kaɗai, mota a damansa, mota a hagunsa.

Nain ta tsaya tana kallo. "Da can yana da maƙwabta," ta ce. Sai ta durƙusa da ƙyar ta fara wanki.

Wata doguwar mota ta shigo da allunan wasan teku a kanta. Mai ita ya so shiga gurbin ajiye motar da nake tsaye a ciki, wanda ke daf da ƙafafun Nain. Ya yi ɗan oda, ya leƙo da fara'a, ya tambaya da Turanci ko zan ɗan matsa.

Na amsa masa da harshenmu cewa akwai mutum a nan. Bai gane ba, ya sake yin oda. Na ajiye bokitin a tsakiyar gurbin, na tsaya a bayansa, har Nain ta gama jera furanninta.