Sabon Murfin Injin Alhassan

Tun ranar da siririn katako ya faɗa tsagar da ke gefen zarto, injin tsaga katakon ya cillo shi ya fasa wa Muttaka, ƙanen Alhassan, leɓe, Alhassan ya ce ba za a sake tsaga katakon firam a shagonsa ba sai an canja murfin da ke kewaye da zarton. Murfin ƙarfen da ya zo da injin bakinsa ya yi faɗi, yatsa ma zai shige.

Da hantsi suka fara. Alhassan ya ɗora tsohon murfin a kan guntun filawud, ya zana, ya yanke, ya goge gefen har ya zauna daidai da teburin injin. Babu tsaga a jikinsa. Zarton ne zai huda wa kansa hanya daga ƙasa, daidai kaurinsa. Ya sauke zarton can ƙasa, ya gitta falanki a kan filawud ɗin, Muttaka ya ɗaure shi da kilam, ƙarfen matse katako, hagu da dama.

"Matsa baya," in ji Alhassan.

Ya danna makunni. Injin ya ɗauki ƙara. Ya riƙa murza hannun ɗaga zarto a hankali, har haƙoran suka fara leƙowa ta cikin falankin, ƙura na tashi. Sai ɗif, aka ɗauke wuta.

"Kai!" Muttaka ya buga cinya. "Yanzu fa muka fara."

Alhassan ya yi tsaki ya kakkaɓe riga. Daga tsallaken hanya Sheshi mai walda ya ɗaga murya: "Alhassan, naka ma ya mutu? Zo ka sha inuwa, unguwar nan ta Fadikpe yau ba wuta sai magariba!"

Alhassan ya tsallaka. Makunnin yana nan a danne yadda ya bar shi.

Muttaka bai iya zaman banza ba. Ya zagaya injin, ya leƙa, ya ga ƙura ta cushe tsagar. Ya kwance kilam ɗin dama don ya ɗaga falankin ya ga ko yankan ya miƙe. Ya sa babban yatsa yana share haƙoran ɗaya bayan ɗaya, yana hura su.

A can, Sheshi yana ba da labarin wani kifi da surukinsa ya kamo a dam ɗin Tagwai, yana buɗe hannuwa. Alhassan yana gyaɗa kai. Idonsa ya kai kan ƙwan fitilar da ke rataye a rumfar Sheshi. Zaren cikinsa ya yi ja, kaɗan, irin na wutar da ta dawo ba ƙarfi.

Wa ya kashe makunnin injin? Ba kowa.

Ya ji gurnanin injin tun kafin ya miƙe. Zarton ya maƙale a cikin katako, motar injin tana nishi tana neman juyawa.

"Muttaka! Hannunka!"

Ya tsallaka hanya a guje, bai ma ga wani mai babur da ya kauce masa ba. Fitilar ta yi fari. Injin ya ƙwace da ihu, falankin ya tashi, filawud ɗin ya wuce ta gefen kunnen Muttaka ya daki kwanon bango. Alhassan ya fizge wayar daga soket.

Muttaka yana zaune a ƙasa cikin ƙurar katako, ya cusa hannun dama a hammata.

"Nuna mini."

"Yaya..."

"Na ce nuna mini."

Ya fito da shi. Alhassan ya kama yatsun ya bi su ɗaya ɗaya. Duk suna nan. Gefen farcen babban yatsa ne kawai ya tafi, jini na tsattsafowa.

Sheshi ya tsaya a bakin ƙofa, ba ba'a a bakinsa. Babu wanda ya tambayi wa ya bar makunnin a danne.

Alhassan ya daɗe riƙe da hannun. Sannan ya tashi ya ɗauko wani guntun filawud, ya ɗora tsohon murfin a kai. Fensirin ya ƙi bin layi, ya goge ya sake. Da suka ɗaure falankin, ya naɗe wayar injin ya rataye ta a wuyansa, ya bi kilam ɗin biyu ya ƙara matse su da kansa, kafin ya sauke wayar ya nufi soket.