Mayar da Sallamar Dubai

Wani mafarki na yi jiya da dare. Amma sai na faɗi abin da na kwanta da shi. Na yi wa matata Bara'atu alkawarin zan kai ta Dubai idan ta yaye 'yarmu Nusaiba. Ta yaye ta, ta bi gidajen danginta ta yi sallama, sai kuɗin jirgi ya yi tashin da ko hango shi ba na yi. Abin da ke hannuna Gembu kawai zai kai mu, can kan tsaunin Mambila. Kwana uku ina juya maganar a baki, na kasa furta ta.

To, a mafarkin sai ga ni a filin jirgi, amma tashar mota ce. An ɗaure jirage a turaku suna cin dusa, ɗan kamasho yana ihu, "Dubai, saura mutum biyu!" Na ruga. Duk takun da na yi, matakalar jirgin sai ta ƙara tsawo. Da na gaji, aka nuna mini ofis.

Wani bunsuru ne a kan kujera, da tabarau da biro a bayan kunne. Bai amsa gaisuwata ba. Ya ɗauko tef irin na tela, ya zura a aljihuna, ya zaro ya duba.

"Iyakarka Gembu," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ni ma na sani. A ba ni Gembun, mutum biyu."

"Ba a sauya tafiya sai an dawo da sallama. Iyalinka ta yi sallamar Dubai a gida goma sha bakwai. Je ka karɓo su kafin la'asar." Ya cinye takardar da na miƙa masa, ya ce na gaba ya matso.

Sai na gan ni a tsakar gidan Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifin Bara'atu, matar da ko a farke ba na son haɗa ido da ita. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama, kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Na durƙusa, ruwa yana shiga mini hanci.

"Gwaggo, sallamar da Bara'atu ta kawo na zo karɓa."

Ta buɗe wani kwanon sha ta nuna mini, babu komai. "Ai na raba wa maƙwabta, Sagiru. Abin arziki a ajiye shi? Har matar mai unguwa na ɗiba wa."

"To addu'ar da kika yi mana fa? Ko za a juyo da ita Gembu?"

"Addu'ata tun Talata ta tafi. Tana can Dubai a rana tana jiranku, ko ruwa ba ta sha ba. Kai dai ka ji kunya."

Kuma na ji kunyar. Ban taɓa jin irinta ba. Na duba agogo, la'asar ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa, ni kuwa ko sallama ɗaya ban karɓo ba.

Ina isa gida na tarar da baƙo a zaure. Gembu ne da kansa, tsauni guda, ya naɗe ƙafafu a kan tabarma, shanu suna kiwo a kafaɗarsa, ganyen shayi ya rufe masa kai. Mutumin kirki, wallahi, ga kyau, ga sanyin murya.

"Ka gaya mata?" ya tambaye ni.

"Tukuna. Don Allah ka shiga bayan ƙofa."

Bai yi musu ba, ya shiga, abin ya ƙara ba ni tausayi. Sai ga Bara'atu ta fito da lalle a hannu har gwiwa, tana murna.

"Baban Nusaiba, baƙo muka yi? Na ji sanyi."

"Babu kowa," na ce, alhali hazo yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, wata saniya tana leƙe.

Ruwan ya sake ɓarkewa daga ƙasa, ya ɗauke ta. Tana tashi a hankali, tana ɗaga wa unguwa hannu, mutane suna cewa a sauka lafiya. Na kama gefen mayafinta, ya zame. Na san in ta wuce rufin gida ta tafi ke nan, kuma babu inda za ta sauka, don ban biya komai ba. Na buɗe baki in faɗa mata gaskiya, muryata ta ƙi fita.

Ƙarar zif ce ta tashe ni. Gari ya waye, Bara'atu ta hau kan akwati da gwiwa tana kokawar rufe shi.

"Yauwa, ka tashi. Zo ka danne mini nan," ta ce. "Wai wane ne Gembu? Tun ɗazu kake roƙonsa ya ɓuya."

Na tashi zaune. Na ce, "Bara'atu, bar akwatin nan tukuna. Zo ki zauna."