Jitar Baba a Hannun Likitan Haƙori

Mijina likitan haƙori ne, kuma duk wadda ta zauna da likitan haƙori ta san halinsu: ba sa iya ganin rami su wuce. Ramin bango, ramin tebur, ramin da ƙusa ta bari a jikin ƙofa, duk sai ya bi ya cike. Daga Litinin zuwa Juma'a yana cikin bakunan mutane. Asabar da Lahadi kuwa yana gareji, inda motarmu ta daina kwana shekara shida da suka wuce, yana ƙera jita mai amfani da lantarki.

Guda bakwai ya ƙera, suna nan rataye a bango suna sheƙi, kuma ko ɗaya bai iya kaɗawa ba. Waƙa ɗaya ya sani, ita ma rabinta, da ita yake gwada kowace jita in ya gama. Maƙwabta har sun haddace wurin da yake maƙalewa. Ban da jitocin, yana haɗa 'yan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa su canza muryar jita, feda suke ce musu. Na taɓa kwana biyu ina neman gwangwanin da nake ajiye allura da zare, ashe yana gareji, an huda masa maɓalli biyu da 'yar fitila ja. Da na yi magana sai ya ce wai girman gwangwanin ne ya dace.

Wanda ya iya kiɗa a gidanmu shi ne Baba, mahaifina. Shekara talatin ya yi yana kaɗa jita a ƙungiyar makaɗa, daga wannan otal zuwa wancan zaure, har ciwon ido ya zo ya rufe masa gani gaba ɗaya. Da Mama ta rasu muka dawo da shi wurinmu, shi da jakarsa guda da 'yar lasifikarsa da jitarsa. Kullum in rana ta yi sanyi sai ya lallaɓa ya fito baranda, ya laluba ya jona waya, ya yi kiɗa na awa guda. Ba ya karatu, ba ya fita, abokansa rabi sun mutu. Wannan awa gudan ita ta rage masa, kuma ni na san ranar da ya daina, to Baba ya fara tafiya ke nan. Ba na son ko tunanin ranar.

Jitar kuwa, a gaskiya, ba abin kallo ba ce. An ce a da ja ce. Fentin ya goge inda hannu ke sauka, akwai ƙunar taba a kanta, wani maɓallin ma murfin kwalba ne Baba ya liƙa. Shekara uku Likita yana kallon jitar nan yadda yake kallon baƙon da ya yi masa murmushi da ruɓaɓɓen haƙori: yana gaisawa, amma hannunsa na ƙaiƙayi.

Rannan sai jitar ta fara ƙara. Baba na cikin kiɗa sai a ji ƙurrr, sauti ya ɗauke, ya dawo. Likita ya fito daga gareji tun kafin a kira shi, yana goge hannu da tsumma.

"Baba, waya ce ta saki a ciki," ya ce. "Ka ba ni ita kwana biyu."

Baba ya rungume jitar. "Ƙarar kaɗai za ka gyara?"

"Ita kaɗai, Baba."

"Auta, kina ji ko? Ke ce shaida."

Na ce ina ji. Ni ce shaida kuwa, har yau ina jin kunyar wannan shaidar.

Wayar dai minti goma ta ɗauke shi. Amma da ya buɗe cikin jitar sai ya ga tsatsa, kuma mutum ba zai ga tsatsa ya mayar da murfi ba. Da ya cire tsatsa sai ya ga ƙarafunan da ke jere a wuyan jitar sun cinye. Da ya canza su sai sabon ƙarfe ya tona asirin tsohon fenti. Ran da na leƙa garejin, kwana na huɗu, na tarar da jitar Baba tsirara a kan tebur, wuya daban, jiki daban, ƙusoshi a cikin kofin shayina, Likita kuma ya ɗaure hanci da ƙyalle yana ta gurza da samfefa.

"Na shiga uku! Wannan ce wayar?"

"Ke ba za ki gane ba," ya ce ta cikin ƙyallen. "Kin san abin da na tarar? Tsaga biyu a jiki, ƙuna a kai, ramuka uku a bayan wuya kamar ɓera ya ci. Shekara nawa bawan Allah nan yana fama da wannan a hannunsa? So nake ya riƙe ta ya ji daɗi."

Abin da ya hana ni tayar da rigima ke nan. Da gaske yake. Mijina yana son Baba, irin son da ba ya iya faɗa da baki sai da samfefa.

Kwana biyu suka zama mako biyar. Fenti sai an fesa sau uku, a sa mai sheƙi sau shida, kowane sai ya bushe, na ƙarshen kuma wai sai ya yi mako uku ba a taɓa shi ba. Ya rataye jikin jitar da waya a tsakiyar gareji, ya hana kowa shiga saboda ƙura. Ni da gidana, sai na ƙwanƙwasa. Ya ɗauko wa Baba mafi kyau a cikin bakwai ɗin nan ya ce ya riƙa rage zafi da ita. Baba ya shafa ta, ya ɗan taɓa tsirkiya biyu, ya miƙo masa.

"Kyakkyawa ce," ya ce. "Amma ba ta san ni ba."

Daga nan barandar ta yi shiru. Baba ya koma barcin yamma, abin da bai taɓa yi ba. Abinci ma sai ya ɗan taɓa ya ture. Ba ya tambayar jitar, saboda kunyar suruki, sai dai in ya ji ƙofar gareji ta buɗe ya juya kai wajen. Wannan juya kan ya fi ci mini rai fiye da a ce ya yi faɗa. A mako na huɗu na tsaya a ƙofar gareji na ce wa Likita in bai fito da jitar nan ba zan shiga da tsintsiya in tayar da duk ƙurar duniya.

"Kwana bakwai," ya ce, ya tare ƙofar da jikinsa. "Don Allah. In aka taɓa yanzu, shatin yatsa zai zauna har abada."

Ranar Asabar da yamma ya shirya bikin miƙa jita. Har ya gayyato abokinsa Lauya, wanda ciwonsu ɗaya, shi ma matarsa ta rasa garejinta. Suka fito da lasifika, suka jera feda uku a ƙasa, har da gwangwanina. Likita ya fito da jitar a kan hannu biyu, lulluɓe da tawul.

Da ya yaye tawul ɗin, ni kaina sai da na ce kai! Ja ce wur, kana ganin fuskarka a ciki. Lauya ya zagaya ta sau biyu, ya duƙa ya hango ta ta gefe, ya ce ko kamfani sai haka. Likita yana ta murmushi yana cewa ai ba wani abu ba ne.

Aka ɗora wa Baba a cinya. Ya shafa jikinta a hankali, ya shinshina.

"Ƙamshin sabuwar mota take yi," ya ce. Muka yi dariya, ni har da sauke numfashi.

Ya kama wuyan da hannun hagu, ya fara wata tsohuwar waƙarsa da na sani tun ina yarinya. Farkon ya tafi daidai. Da ya zo inda hannu ke zamewa sama, sai ya sauka a wani wuri daban, sautin ya fito a karkace har Lauya ya runtse ido. Baba ya sake daga farko. Ya sake kuskurewa. Karo na uku bai ma kai wurin ba ya tsaya. Na ga babban yatsansa yana hawa yana sauka a bayan wuyan jitar, yana nema, yana nema.

"Likita."

"Na'am, Baba."

"Ina ramukana?"

Allah sarki mijina. Fuskarsa ta washe, ya ɗauka yabo ne ke zuwa. "Na cike su, Baba! Garin katakon jitar na kwaɓa da gam, na cusa, na goge, na bi da fenti. Ko da fitila ka duba ba za ka..." Nan ya ji abin da yake shirin faɗa, ya haɗiye sauran.

Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiyoyin, lasifikar ta yi tsit.

"Da su nake gani," ya ce. "Bayan ƙarfe na uku, na bakwai, na goma sha biyu. In yatsana ya faɗa rami na san inda nake." Ya shafa bayan wuyan. "Lokacin da idona ya fara dushewa ban gaya wa 'yan ƙungiya ba, kada su sallame ni. Uwarku kaɗai ta sani. Ita ta zauna a ƙasan kicin da wuƙar yanka albasa, ina nuna mata wuri tana sassaƙawa. Shekara huɗu na ƙara ina aiki da ramukan nan, ba wanda ya gane."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Ina makarantar kwana lokacin, ina zuwa hutu ina ganin Baba yana dariya, ban san komai ba. In faɗi gaskiya, a wannan minti ɗin na tsani jan fentin nan da duk wanda ya fesa shi.

Likita ya juya ya shige gida. Lauya ya fara laluben makullin motarsa. Ni kuwa na ɗauka mijina kunya ce ta kore shi, har na fara shirya abin da zan faɗa masa. Sai ga shi ya dawo da fitilar aikinsa ɗaure a goshi, da ƙaramin faranti na ƙarfe, 'yan ƙarafunan nan masu lanƙwasa da yake tsokalar haƙoran mutane da su suna jere a kai.

"Baba, ba ni ita," ya ce. "Ciko ne. Duk cikon da na sa na san yadda ake cire shi."

Ya kifa jitar a kan tawul, ya buɗe wayarsa ta hannu. Masu wannan ciwon ba sa kwance ƙusa sai sun ɗauki hoto, ranar ce kaɗai na gode wa Allah da wannan hali. Ya gwada hoton da wuyan, ya auna, ya sa tsinin ƙarfe a kan fentin da ya yi mako biyar yana lallashi.

"Haba dai," in ji Lauya. "Mai sheƙi shafi shida fa!"

"Riƙe mini nan," Likita ya ce masa.

Ya tsaga. Lauya ya riƙe, amma ya kau da kai gefe. Gam ɗin ya fi katakon taushi, don haka a hankali ya riƙa fitowa gari-gari, Likita yana hurewa yana ci gaba. Har ya manta inda yake ya ce wa jitar, "Yi haƙuri, saura kaɗan." Baba ya ƙyalƙyale da dariya, karo na farko a mako biyar.

Rami na farko ya fito. Ya kama yatsan Baba ya ɗora a kai. Baba ya murza, ya gyaɗa kai. Na biyu ya fi wuya, ya ɗauki kusan rabin awa, amma shi ma ya fito da shatin wuƙar Mama a jikinsa, har da inda hannunta ya goce.

A na uku Likita ya tsaya. Ya duba hoto, ya duba wuya, ya kashe fitilar goshinsa.

"Baba, wannan ban cike shi ba. Ba shi da zurfi, sai na goge shi da samfefa har ya baje." Ya sunkuyar da kai. "Babu abin da zan tono. Ya tafi. Ka yafe mini."

Baba ya miƙo hannu. Sannan ya karɓi jitar, ya bi ƙarafunan gaba da yatsa yana ƙirgawa a ƙasan numfashi, har ya kai na goma sha biyu. Ya zagaya da babban yatsansa baya, ya danne wurin.

"Zan iya yanka maka sabo," in ji Likita da sauri. "Ina da ma'auni, zai fito daidai da..."

"A'a. Kai ka cika iyawa." Ya juya fuskarsa wajena. "Auta, ɗauko wuƙar kicin."

Na ɗauko. Na durƙusa a gabansa, ni da ko fensir ban iya ferewa da kyau ba. Ya janye yatsansa kaɗan ya ce nan. Na danna wuƙar, ta zame a kan sheƙin fentin, na sake dannawa da ƙarfi, na ɓanɓaro ɗan katako. Abin da na yi ko kusa bai yi kama da sauran biyun ba. Na ji Lauya ya yi wani ɗan nishi a bayana.

Baba ya sa yatsa ya shafa wurin, gaba da baya.

"A karkace kika yi."

"In gyara?"

"Bar shi," ya ce, yana gyara zaman jitar a cinyarsa. "Ita ma a karkace ta yi."